Ku Nuna Abin da Ke Aiki: Nasiha ga 'Yan Ajin Ƙarshe Masu Haɗa Manhaja

Ƙannena 'yan ajin ƙarshe a sashen kimiyyar kwamfuta, da masu biye da su, da ku nake. A shekarar nan za a raba ku rukuni-rukuni, mutum huɗu ko biyar ko shida, a haɗa ku da malami mai duba aiki, a ce ku ƙera manhaja, ku kare ta a gaban malamai kafin a sallame ku. Duk jarrabawar da kuka zauna tun daga aji ɗaya, kowa shi kaɗai ne da takardarsa. Wannan karon makinka yana hannun wani, na wani yana hannunka, kuma da wuya a ce an taɓa zaunar da ku an koya muku yadda ake irin wannan zama.

Na ga rukunoni masu kaifin ƙwaƙwalwa sun tashi a tutar babu, kuma kusan kullum hanyar faɗuwar ɗaya ce. Makon farko a haɗu a raba aiki: kai ka ɗauki rumbun bayanai, kai ka yi fuskar manhajar, wane ya yi shafin shiga, wance ta riƙe rubutu. Kowa ya koma ɗakinsa. Daga nan sai gaisuwa a WhatsApp. "Ya aiki?" "Alhamdu lillahi, muna kai, saura kaɗan." Wata uku ana jin saura kaɗan. Sai ana saura kwana goma a kare aiki a haɗa kwamfutoci a teburi ɗaya, a tarar mai fuska yana jiran bayanai a wata siga, mai rumbu ya tsara su a wata, wani kuma bai ma buɗe nasa ba tun ranar rabo. Ba wanda ya yi niyyar cutar wani. Kowa dai ya ɓoye halin da yake ciki, kuma tsarin aikin ya ba shi damar ɓoyewa.

Wannan ciwo bai tsaya kan ɗalibai ba. Hukumar bincike ta Amurka, FBI, ta kashe kusan dala miliyan 170 a kan wata manhajar adana bayanan shari'o'i, ta jefar da ita a 2005 ba tare da jami'anta sun ci moriyarta ba. Wadda aka fara a madadinta, Sentinel, ita ma ta yi ta jan ƙafa, har sai da hukumar ta karɓe ragamar aikin a 2010, ta rage yawan ma'aikata, ta koma yin sa guntu-guntu ana nuna abin da aka gama a kai a kai. A 2012 aka fara amfani da ita. Tun a 1970 wani injiniya, Winston Royce, ya zana tsarin da ake bi daki-daki, a gama tattara buƙatu, a gama zane, a gama rubuta kod, sannan a yi gwaji a ƙarshe, kuma a cikin takardar nan ya yi kashedin cewa bin sa haka kai tsaye akwai hatsari, domin sai a ƙarshe ake gano ɓarnar da aka yi a farko. Mutane suka riƙe zanen suka bar kashedin. A watan Fabrairu na 2001 ne mutum 17 masu sana'ar manhaja suka taru a Snowbird da ke jihar Yuta, suka fitar da gajeriyar sanarwar da ta ba tsarin Ajayil sunansa. A cikinsu akwai Ken Schwaber da Jeff Sutherland, waɗanda suka gabatar da salon Sikiram tun 1995, da Kent Beck. Abin da ya haɗa su shi ne gajiya da tulin takardu da alƙawura, da yarda cewa manhajar da ke aiki a gaban ido ita ce shaidar ci gaba.

Idan za ku ɗauki abu ɗaya tak daga wannan tsari, ku ɗauki wannan: duk mako biyu, ku zauna gaban wani wanda ba ɗan rukuninku ba, ku kunna abin da kuka yi, ya taɓa shi da hannunsa. Sauran duk rassa ne.

Wane ne wannan wani? Nan ne aiki ke fara gyaruwa ko lalacewa. Yawancin ɗalibai su ke zama su ƙirƙiro matsala a ka, su ƙirƙiro mai matsalar, su warware masa ita. Ku nemi mutum na gaske. A ce kun zaɓi yi wa wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari manhajar da za ta maye masa littafin bashi. Kuna zaune a ɗakin kwanan ɗalibai za ku tsara cewa kowane kaya yana da farashi ɗaya, kowane mai saye yana da suna cikakke da adireshi, kuma Alhaji mai shagon zai zauna gaban kwamfuta ya shigar da ciniki. Ranar da kuka kai masa zubin farko za ku ji abin da ba littafin da zai faɗa muku. Turmin atamfa ɗaya yana iya fita a farashi uku a yini guda, gwargwadon wanda ya zo da yawan abin da ya ɗauka. Wani abokin cinikin shekara da shekaru ba a san shi da komai ba sai laƙabinsa da garinsu. Alhaji ba ya taɓa littafin, yaron shago ne ke rubutu, a tsaye, da waya, yana yi yana amsa ciniki. Ana biyan bashi gutsi-gutsi, wani da tsabar kuɗi, wani ta banki, wani ma ya dawo da kaya a cire masa. Idan kuka ji wannan a mako na biyu, gyaran yini ɗaya ne. Idan sai a wata na huɗu, rushewa ce daga tushe. Ku je da ladabi, ku zaɓi lokacin da kasuwa ba ta cika ba, kuma idan yaron shagon ya rikice a wani shafi kada wani ya miƙa hannu ya nuna masa. Ku yi shiru ku kalla, ku rubuta inda ya tsaya. Rikicewarsa ita ce darasin da kuka je nema.

Daga abin da kuka ji sai ku rubuta jerin ayyuka, kowanne a bakin mai amfani: yaron shago yana son ya rubuta sabon bashi cikin 'yan daƙiƙoƙi, Alhaji yana son ya ga jimillar abin da yake bin mutane kafin a rufe shago. Ku jera su daga mafi muhimmanci zuwa ƙasa, ku ɗora wa mutum ɗaya a cikinku nauyin riƙe wannan jeri da zuwa wurin mai shagon, don kada kowa ya dinga kawo son ransa. A farkon kowane zagaye na mako biyu ku ɗebi kaɗan daga sama, abin da kuka tabbata za ku iya gamawa a tsakanin lakca da gwaji da sauran hidimomi. Zagayen farko za ku ɗebi fiye da ƙarfinku, kowa haka yake yi. Na biyu sai ku rage. Zuwa na uku kun san awonku na gaskiya, kuma wannan sani ya fi duk wani jadawalin da kuka zana a takardar neman amincewa.

Yadda ake yanka aikin shi ne inda na fi so ku tsaya ku yi tunani. Kada ku raba shi hawa-hawa, wani ƙasa wani sama. Ku yanko siririn abu ɗaya da ya ratsa daga fuska har rumbun bayanai. A zagayen farko, a iya rubuta bashi ɗaya, a rufe manhajar, a buɗe, a same shi yana nan. Ba kwalliya, ba launi, ba tambari. Zai yi muku kama da abin raini, amma ranar da wannan ya yi aiki kun riga kun haye gaɓar da ke kayar da yawancin rukunoni, wato haɗa sassan. Kuma don Allah ku bar fara aiki da shafin shiga. Rukuni nawa ne suka ƙone wata guda a kan kalmar sirri da ƙawata shafin farko, alhali abin da aka shiga domin shi babu shi? Ku kuma yi yarjejeniya tun wuri a kan abin da ake nufi idan an ce an gama. A wurina, an gama yana nufin kod ɗin ya shiga ma'ajiyar rukuni, wani ɗan rukunin ya karanta shi, an gwada shi a wayar da ba ta mai rubutun ba, ya yi aiki. Duk abin da bai kai nan ba, ba a gama ba, ko da mai shi ya ce saura kaɗan.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna, wadda littattafan da aka rubuta a Amurka ba za su kawo muku ita ba. Mu mutane ne masu kara. An tarbiyyantar da mu kada mu kunyata mutum a gaban jama'a, kada mu ce wa aboki ya gaza, balle wanda ya girme mu ko wanda muke cin abinci kwano ɗaya. Hali ne mai kyau, ba na fatan mu rabu da shi. Amma a aikin rukuni yakan rikiɗe ya zama cuta. Wanda ya maƙale yana jin nauyin ya ce bai iya ba. Wanda ya lura yana jin nauyin ya tambaya. Sai mutum ɗaya ko biyu su ɗauke kayan kowa a ɓoye, suna kwana ido biyu, zuciya na tafasa, ranar kare aiki kuma a jera a karɓi maki ɗaya. Wani injiniyan noma Bafaranshe, Max Ringelmann, ya wallafa a 1913 cewa idan aka haɗa mutane suna jan igiya, ƙarfin da kowane ɗaya ke sawa yana raguwa gwargwadon yadda aka ƙaru. A gonar gayya wannan ba ya samun wuri sosai, don kowa da layinsa, wanda aka bari a baya duk gona na ganinsa. Aikin manhaja kuwa a cikin kwamfutar mutum yake, ba mai gani sai an fito da shi da gangan.

Amfanin allon aiki ke nan, da gajeren taron da ake yi a tsaye. Allon ba wani abu ba ne, layi uku: abin da za a yi, abin da ake yi, abin da aka gama, kowane kati da sunan wanda ya ɗauka. Asalin dabarar daga masana'antar motoci ta Toyota take, kuma Trello ko allon GitHub ko ma kwali da 'yan takardu duk sun wadatar. Taron kuwa a ƙa'idar Sikiram minti 15 ne kullum. Ku ɗalibai ne masu wasu darussa, don haka idan kullum ya yi yawa ku yi sau uku a mako, a tsayayyen lokaci, misali bayan la'asar a ƙofar ɗakin kwamfuta. Kowa ya faɗi abin da ya yi, abin da zai yi, da abin da ya tare shi. Kyawun abin shi ne ba sai wani ya tuhumi wani ba. Katin da ya kwana biyar bai motsa ba shi ke magana, kuma tambayar da za ta biyo baya ita ce, "Me ya tsaya, wa zai zauna da kai?" Shugaban rukuni, ko wanda ake ganin ya fi kowa iyawa, shi ya kamata ya fara cewa ga inda ya kasa. Idan babba ya faɗa, ƙarami zai samu bakin faɗa.

Idan an yi duk wannan mutum ya ci gaba da zillewa, a same shi a keɓe, mutum biyu, a ji uzurinsa. Wani kuɗin makaranta ne ya sha masa kai, wani jinya yake a gida, wani ba shi da kwamfuta yana jin kunyar faɗa. Irin waɗannan a rage musu kaya a ba su abin da za su iya. Wanda kuwa ganganci ne, a sanar da malami tun a tsakiyar zango, da shaidar allo a hannu. Wannan ba ƙarar zalunci ba ce. Barin sa ya karɓi shaidar abin da bai iya ba, ya fita duniya da ita, shi ne rashin kyautawa, gare shi da wanda zai ɗauke shi aiki gobe.

Akwai wani rabon da nake roƙonku ku daina. Sau da yawa idan akwai mace a rukuni, kafin ta buɗe baki an ce, "Ke sai ki riƙe mana rubutun." Haka ake yi wa duk wanda ake ganin hannunsa bai faɗa ba a kod. Kuɗin makaranta ɗaya kuka biya, takarda ɗaya za a ba ku. Kowa ya rubuta kod, kowa ya rubuta rahoto. Ke ma ƙanwata, kada ki karɓi wannan rabo don gudun magana; ki ɗauki katinki a allo kamar kowa. A kuma sa taro a lokaci da wurin da kowa zai iya zuwa, ba ƙarfe goman dare a ɗakin maza ba. Hanyar da ta fi saurin ɗaga mai rauni ita ce wadda Kent Beck da abokansa suka yaɗa: mutum biyu a kwamfuta ɗaya, ɗaya na bugawa, ɗaya na dubawa yana tambaya, suna musanya bayan ɗan lokaci. A inda kwamfuta biyu ke hidimar mutum biyar, wannan dabara kamar don mu aka yi ta. Sharaɗin kawai, mai rauni ya fi daɗewa a kan madannai.

Kod ɗinku kuma kada ya zauna a filashi ko a yawo cikin WhatsApp da sunaye irin su na ƙarshe, na ƙarshen ƙarshe. Ku koyi Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005 don masu aikin Linux da ke warwatse a duniya. Yini ɗaya ya isa ku koyi abin da kuke buƙata. Yana aiki ko babu intanet, sai an samu data a tura, kuma yana riƙe tarihin wa ya rubuta me, yaushe. Ranar da aka sace kwamfuta ko ta ƙi tashi, aikin yana nan. Ku sa wuta da data a cikin lissafinku kamar yadda kuke sa lakca, ku yi karo-karo tun farko don kada nauyin ya faɗa kan mutum ɗaya. Kalandar ma ba ta da tabbas: a 2022 yajin aikin malaman jami'o'in Najeriya ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Rukunin da ke da abu mai aiki a ma'ajiya, komai ƙanƙantarsa, zai dawo ya ɗora. Wanda aikinsa ke cikin kawunan mutum biyar da suka watse garuruwa, daga farko zai koma.

Za ku ci karo da wani saɓani, gara ku san da shi. Sashenku na son rahoto babi-babi, na ɗaya zuwa na biyar, kuma sau da yawa sai an sa hannu a babi uku na farko kafin a ce a taɓa kod. Wannan shi ne tsarin daki-dakin nan da aka yi kashedi a kansa, amma shi ne dokar makaranta, kuma ba ku je don ku yi jayayya da malaminku ba. Ku bi shi, ku yi ta gina manhajar a gefe. A kowane zagaye ku sa katin rubutu ɗaya ko biyu a allo, ku adana hotunan shafuka da sakamakon gwaji da dalilin duk wata shawarar da kuka sauya, don babi na huɗu ya rubuta kansa. Idan za ku ga Malam, kada ku je hannu rabbana kuna cewa kuna ƙoƙari. Ku je da waya a kunne: "Malam, ga abin da ke aiki yau, ga abin da mai shagon ya ce, ga abin da muke son cirewa, me ka gani?" Malamin da ke duba rukunoni da yawa ga kuma darussansa, minti goma irin wannan sun fi masa daɗi a kan shafi arba'in da aka kwafo.

Bayan kowane nuni, ku ware rabin awa ku kaɗai ku waiwaya: me ya tafi daidai, me ya ba mu wahala, wane abu ɗaya za mu sauya a zagaye mai zuwa. Ɗaya, ba goma ba. Rukunoni sun fi yawan yar da wannan zama idan aiki ya matse, alhali a lokacin ne ƙananan ɓacin rai ke taruwa.

Lokaci zai ƙure muku, wannan babu makawa. Idan ya ƙure, zuciya za ta raya muku ku jawo wani gwani daga waje, ko ku sayi aikin da aka riga aka yi. Fred Brooks, wanda ya jagoranci babban aikin manhajar OS/360 a kamfanin IBM, ya bayyana a littafinsa na 1975 cewa ƙara mutane a aikin da ya makara ƙara masa makara yake yi, domin sai an tsaya an koya wa sabon zuwa, kuma hanyoyin magana suna ninkuwa: tsakanin mutum biyar hanya 10 ce, tsakanin takwas 28. Sayen aiki kuwa ha'inci ne, kuma tambaya biyu a gaban malamai ta isa ta tona shi. Haka kod ɗin da ChatGPT da ire-irensa ke zubowa. Ku tambayi ƙa'idar sashenku a kai, kuma ko an halatta, kada layin da ba wanda zai iya bayaninsa a cikinku ya shiga ma'ajiya. Mafitar da ta dace ita ce rage buri. Tunda kun jera ayyuka daga mafi muhimmanci, abin da ya rage a ƙasan jerin shi ne wanda aka fi iya haƙura da shi. Ku yanke shi, ku faɗa wa Malam da mai shago gaskiya, ku rubuta shi a babi na biyar cikin abin da wasu za su iya ɗorawa.

Mako biyun ƙarshe kada a ƙara sabon abu ko ɗaya, gyara kawai da maimaita nuni. Kowa ya gwada bayanin sashen da ba shi ya rubuta ba, don malamai sukan tsallake mai baki su nuna wanda ya yi shiru. Ku ɗauki bidiyon manhajar tana aiki ku ajiye, saboda wuta ko intanet na iya yankewa kuna tsaka da magana. Kada ku haska sunayen mutane na gaskiya da bashin da ake bin su a bangon ɗakin taro. Ku cika rumbun da sunayen ƙirƙira. Littafin bashin nan amana aka ba ku, kuma tun 2023 Najeriya na da dokar kare bayanan jama'a. Bayan an sallame ku, ku koma wurin Alhaji ku yi magana a fili: zai ci gaba da amfani da manhajar ko a'a, wa zai riƙa biyan kuɗin inda aka ɗora ta, wa zai kira idan ta tsaya alhali kuna wurin bautar ƙasa. Idan ba mai ɗaukar wannan nauyi, ku fitar masa da duk bayanansa a takarda ko a fayil ɗin da yaronsa zai iya buɗewa, sannan ku goge kwafin da ke kwamfutocinku a gabansa.